Yadda za ka bi salsalar harsunan Samiyya da kanka, ka gano inda Hausa ta tsaya

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a teburin mai shayin layinmu a Tudun Wada, can wajen Kasuwar Barci, duk bayan 'yan makonni sai wani ya tono ta. Wai Hausa Larabci ne da ya gurɓace, hujja kuma ita ce Bayajidda daga Bagadaza ya zo, sannan ga littafi ga alƙalami ga lahira ga duniya duk Larabci. Sai wani ya ce ina, shi a waya ya ji asalinmu Habasha ne, wani kuma ya rantse da Yahudawa muka haɗa kaka. Ni ma da ina cikin masu ɗaga murya, har ranar da wani dattijo tsohon malamin makaranta da ke zama gefe yana kurɓar shayinsa ba madara ya ce min, "Yaro, in Hausa Larabci ne, me ya sa ba ka ce wa ruwa ma'u?" Na ce Baba ai canzawa ya yi, ya ce to wuta fa, ido fa, kare fa, duk canzawa suka yi amma alƙalami ya ƙi canzawa? Wallahi shiru na yi. Daga ranar na shiga bin abun, kuma hanyar da na bi ita zan shimfiɗa a nan, ba ta bukatar digiri, littafin rubutu na ɗari biyu da biro da ɗan data sun isa, in ka taɓa zama makarantar allo ko Islamiyya to rabin aikin ma ka gama.

Fara da sanin su waye a gidan

Kafin ka ce wane ɗan'uwan wane ne sai ka san mutanen gidan. Harsunan da Larabawa ke ce wa Samiyya, Turawa su ce Semitik, sunan daga Samu ɗan Annabi Nuhu (AS) aka ciro shi, kuma ba tsohon suna ba ne yadda mutane ke zato, wani Bajamushe ne August Ludwig von Schlözer ya fara amfani da shi a 1781. Amma lura da kamannin ya daɗe kafin shi, Ibn Hazm na Andalus wanda ya rasu a 1064 ya rubuta cewa Suryaniyanci da Ibrananci da Larabci harshe ɗaya ne da ya sassauya saboda mazaunin masu shi ya bambanta, kafin shi ma wani malamin Yahudawa a Arewacin Afirka, Yahuda ibn Ƙuraish, ya jera kalmomin harsunan uku yana gwada su tun wajen ƙarni na 10.

Ka buɗe shafin farko ka raba shi. Ɓangaren gabas ka sa Akadiyanci na ƙasar Iraƙi ta yau, wanda ya rabu zuwa na Babila da na Assuriya, da harshen Ebla a Siriya, waɗannan duk sun mutu babu mai magana da su. Sauran kuma ka sa Larabci, Ibrananci, Aramiyanci (Suryaniyanci reshensa ne), harshen Finikiyawa, na Ugarit, tsoffin harsunan Yaman irin na Saba'u, da waɗanda har yau ake yi a kudancin Larabawa kamar Mehri da harshen tsibirin Soƙotra waɗanda ba karin Larabci ba ne, harsuna ne masu zaman kansu. Sai na Habasha da Eritiriya: Gi'iz, Amharik, Tigrinya, Tigre, harshen Harar da na Gurage. A ƙasan shafi ka ƙara Maltanci, zan dawo kansa don yana da ban mamaki. Larabci ne babba da masu magana sama da miliyan 300, Amharik ke bi masa da sama da miliyan 30.

A shafi na biyu ka rubuta waɗanda BA sa ciki, wannan shafin ya fi na farko amfani a wajen gardama. Farisancin Iran ba ya ciki, Urdu ba ya ciki, Turkanci ba ya ciki, duk da biyun farko da haruffan Larabci ake rubuta su kuma Turkiyya ma sai 1928 ta koma boko. Kanuri ba ya ciki, Fillanci ba ya ciki. Rubutu riga ne, harshe shi ne mutumin, in Bature ya sa babbar riga ai bai zama Bakano ba.

Ka koyi cire saiwa

Nan ne ɗan makarantar allo ya fi ɗan boko sa'a. Ka tuna yadda ake farawa da babbaƙu kafin a shiga farfaru? To ginin harsunan nan kenan gaba ɗaya. Ma'anar kalma tana zaune a kan baƙaƙe, galibi guda uku, wasula kuma su ke juya ta. K-T-B a Larabci: kataba ya rubuta, kitab littafi, katib marubuci, maktab wurin rubutu, maktub abin da aka rubuta. Ka je Ibrananci sai ka tarar da katab ya rubuta, miktab wasiƙa. Shi ya sa Khalil ibn Ahmad na Basra da ya zo tsara ƙamus ɗinsa a ƙarni na 8 bisa saiwa ya jera shi, kuma har gobe in ka ɗauki ƙamus ɗin Larabci na gaske ba za ka samu maktab a ƙarƙashin mim ba sai ka koma kaf.

Aikin da za ka yi shi ne ka zana layuka biyar, Larabci, Ibrananci, Aramiyanci, Akadiyanci, sai Gi'iz ko Amharik, ka fara cikawa da kalmomin da kowane ɗan Adam ke da su ko da bai taɓa ganin baƙo ba. Gida: bait, bayit, baita, bitu, bet. Kare: kalb, keleb, kalba, kalbu, kalb a Gi'iz. Ido: ain, ayin, aina, inu, ain. Suna: ism, shem, shma, shumu, sim. Aminci: salam, shalom, shlama, shulmu, selam. Ka cire wasulan ka bar babbaƙu kawai, za ka ga B-Y-T da K-L-B da S-L-M suna maimaituwa kamar tsagen fuska na gida ɗaya. Kar ka fara da kalmomin addini ko kasuwanci ko mulki, su ne suka fi yawo tsakanin al'ummu, za su ruɗe ka.

Wani lokacin saiwa ɗaya ce amma ma'ana ta zame. Laham a Larabci nama ne, lehem a Ibrananci burodi ne, da alama can asali abinci kawai ake nufi sai kowa ya laƙaba wa abin da ya fi ci, shi ya sa garin Baitalami Balarabe zai ji shi gidan nama, mai Ibrananci ya ji shi gidan burodi. Madina a Larabci birni, medina a Ibranancin yau ƙasa ce mai gwamnati.

Sautuka ba sa canzawa da ka

Wannan shi ne matakin da ke raba mai bincike da mai hasashe, kuma shi ne mutanenmu suka fi tsallakewa, don Allah kar ka tsallake. Kamanni kaɗai ba hujja ba ne, ko a Kasuwar Gumi ka tsaya minti goma za ka ga mai kama da ƙaninka. Abin da masana ke nema shi ne canjin da ke maimaita kansa a kalmomi da yawa bisa tsari ɗaya. Mu ma muna da irinsa a gida, Bakano ya ce sauka Basakkwace ya ce sabka, Bakano ya ce zauna wancan ya ce zamna, aure da amre, da ka kama tsarin za ka iya cankar kalma ta gaba tun ba a faɗa maka ba.

To ga na harsunan Samiyya ka kwafa. Harafin nan na Larabci mai ɗigo uku da ake sa harshe tsakanin haƙora (na cikin salasa), a Ibrananci sh yake komawa, a Aramiyanci t. Uku: thalath, shalosh, tlat. Bijimi: thaur, shor, tor. Zal na Larabci a Ibrananci z ne, a Aramiyanci d: zinare dhahab, zahab, dahba, kunne udhun, ozen, udna, Akadiyanci kuma uznu. Lodi, wanda Larabawa ke alfahari da shi har suna kiran harshensu da sunansa, a Ibrananci ya haɗe da sodi, a Aramiyanci kuma ain ya zama, ƙasa: ard, eres, ar'a. Doguwar a ta Larabci o take zama a Ibrananci, dalilin salam da shalom kenan. Fa na Larabci asalinsa p ne, fataha ya buɗe, Ibrananci patah, Akadiyanci petu. Jim kuma asalinsa g ne, jamal raƙumi, gamal, kuma in ka taɓa sauraron Bamisire ka ji har yau gamal yake cewa.

Da irin wannan kwatance aka gano cewa kakan harsunan, wanda babu wanda ya taɓa rubuta shi, yana da baƙaƙe 29, Larabci ya riƙe 28, tsohon rubutun Yaman da ake kira musnad yana da 29 cif, Finikiyawa kuma 22 suka rubuta. Nan wasu ke zamewa su ce ashe Larabci ne uban sauran. A'a. Ɗan da ya fi kama da kaka ba shi ne kakan ba, ya dai fi riƙe kamannin, kuma akwai abubuwan da Akadiyanci ko Gi'iz suka adana waɗanda Larabci ya sake.

In kana da abokin aiki ko maƙwabci Kirista, mu nan Kaduna ai ba sai an nema ba, ka roƙe shi ya buɗe maka Littafi Mai Tsarki na Hausa wajen Markus sura 5, inda aka bar maganar Annabi Isa (AS) da harshensa na Aramiyanci ba a fassara ba, talita kumi, yarinya tashi. Duk ɗan Islamiyya ya san ƙumi umarni ne ga mace ta tashi. A sura 7 kuma akwai kalmar da ke nufin buɗe, ka cire wasula ka ga F-T-H na fataha da Fatiha. Na gwada wannan da wani abokina ɗan Sabon Tasha a wajen aiki, shi da littafinsa ni da ɗan Larabcina na Islamiyya, har aka tashi hutun rana ba mu ci abinci ba.

Ka jera tarihi da shekaru, ba da jin daɗi ba

Yanzu ka ja dogon layi a shafi biyu ka fara sa kwanan wata. Mafi tsufa a rubuce Akadiyanci ne, sun ari rubutun da ake dannawa da tsinke a kan ɗanyen yumɓu daga Sumerawa, waɗanda su harshensu ba na gidan nan ba ne sam, Sargon ya kafa daularsa wajen shekara 2334 kafin haihuwar Annabi Isa, Hammurabi na Babila mai dokokin nan ya yi mulki daga 1792 zuwa 1750. Harshen ya yi ƙarfin da har sarakunan Kan'ana da shi suke rubuta wa Fir'auna wasiƙa a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, an tono wasiƙun a Amarna ta Masar a 1887. Daga baya ya mutu murus, kusan shekara dubu biyu babu mai iya karanta shi, sai a 1857 aka ba masana huɗu rubutu ɗaya a Landan aka ce kowa ya fassara shi kaɗai ya rufe a ambulan, da aka buɗe aka ga fassarar ta zo kusan ɗaya sannan aka yarda an warware shi. Ebla kuwa sai 1974 da 1975 Italiyawa suka tono dubban allunanta a Siriya. Ugarit wani manomi ne garmarsa ta ci karo da kabari a 1928 a gaɓar tekun Siriya, aka fara haƙa a 1929, kafin 1930 ta ƙare an karanta haruffanta 30, kuma abin da ya sauƙaƙa shi ne dabarar saiwa ɗin nan da kake koya, suka yi zaton harshen na gidan ne suka nemi kalmomi irin su sarki da ɗa, ya kuwa faɗa daidai.

Finikiyawan Taya da Sidon 'yan kasuwar teku ne, irin fataken da ba sa zama, suka kafa Kartaj a Tunisiya ta yau wanda al'ada ta ce a 814 ne, Rumawa suka rushe ta a 146, duk kafin haihuwar Annabi Isa, ka ga kenan harshen Samiyya ya zauna a Arewacin Afirka fiye da shekara dubu kafin Larabci ya iso. Sai Aramiyanci, wanda ni a ganina shi ya fi kama da Hausa a hali, masu shi ba su taɓa kafa wata gagarumar daula ba amma harshensu ya bi kasuwa da ofis ya mamaye ko'ina har daular Farisa ta ɗauke shi harshen takardun mulki daga Masar zuwa iyakar Indiya, kamar dai yadda za ka sauka Kumasi ko Yawunde ka yi ciniki da Hausa. Har yau ana yinsa a ƙauyen Ma'alula kusa da Dimashƙa da tsakanin Kiristocin Iraƙi. Kuma sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, a wata ruwayar Suryaniyanci.

Larabci a rubuce ya fito a makare in ka gwada da waɗancan, ko da yake makiyaya sun bar dubban rubuce-rubuce a kan duwatsun hamada da wasu haruffa na daban. Shahararren rubutun kabarin Namara na shekarar 328 miladiyya harshensa Larabci ne amma haruffan na Nabatawan Petra ne, su kuma daga Aramiyanci suka samo, daga nan alif da ba da muka sani suka tsiro, ɗigo da wasula daga baya aka ƙara a ƙarnin farko na Musulunci. Ibrananci ya daina zama harshen gida wajen ƙarni na 2 zuwa na 3 ya koma na ibada da littafi, sai ƙarshen ƙarni na 19 aka farfaɗo da shi, Eliezer Ben-Yehuda da ya koma Ƙudus a 1881 shi ne jagoran abun. A Habasha, daular Aksum ta Sarki Ezana wanda ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4 da Gi'iz take rubutu, ƙasar da Sahabbai suka yi hijira wajen Najjashi a 615 kenan, su Habashawa suka yi wa rubutunsu gyara, suka manna wasali a jikin kowane baƙi kuma suka koma rubutawa daga hagu zuwa dama.

A ina kakan duka ya zauna? Masana sun kasu, wasu Sham, wasu tsibirin Larabawa, wasu gabashin Afirka. Wani bincike na 2009 da ya sa kwamfuta ta lissafa kalmomi ya nuna Sham wajen shekara 5,750 da suka wuce, ka rubuta shi da fensir.

Abu ɗaya ka kiyaye a duk wannan, harshe daban jini daban. Amharik cike yake da tasirin harsunan Kush da ya tarar a ƙasar, kare a wajensu wusha ne ba kalb ba, aikatau ma a ƙarshen jimla suke sa shi, kamar yadda Akadiyanci ya yi saboda zama da Sumerawa. Mutanen Malta Katolika ne a tsakiyar Bahar Rum, da boko suke rubutu, suna cikin Tarayyar Turai tun 2004, amma harshensu daga Larabcin Sisili ya fito, Ubangiji Alla suke ce masa, azumin Kiristoci na kwana arba'in kuma Randan. Kai ko a Kaduna mutum nawa ka sani da ba su da wani harshe sai Hausa amma kakansu Banufe ne ko Babarbare ko Bagwari?

Ɗan ratse kan haruffa

Wannan ba dole ba ne amma yana da daɗi. Sunayen haruffan kalmomi ne: alif sa ne, ba daga bait gida, mim ruwa, ain ido, kaf tafin hannu, ya daga yad hannu, ra daga ra'as kai. Masu magana da wani harshen Samiyya da ke aiki a ƙasar Masar ne suka fara zana hoton abu don ya tsaya a madadin sautin farkon sunansa, an samu irin rubutun a ma'adinan Sina'i a 1905. Ka rubuta A babba ka juya takardar ƙasa ta koma sama, ga kan sa da ƙahonninsa. Girkawa suka karɓa daga Finikiyawa suka ce alfa, beta, daga su ya gangara zuwa Rumawa, daga nan ya zo mana a matsayin boko. Ka tambayi malamin hisabi ya karanto maka abajada, in ya zo kalaman ka kalli K L M N a jerin boko, a jerin gabas kuma ƙarashat shi ne Q R S T (malamanmu jerin Magrib, wato ƙasashen Arewacin Afirka, suke bi, ƙarshensa ya ɗan bambanta). Wato boko da ajami da aka daɗe ana haɗa su faɗa jikokin mutum ɗaya ne.

Yanzu ka kawo Hausa

Sai a nan za ka taɓa Hausa, ba tun farko ba. Ka raba shafi biyu, aro da gado.

Kalmar aro tana da alamomi. Na ɗaya, tana zuwa da al ɗinta a manne don kakanninmu sun ji ta dunƙule: alƙali, albasa, aljihu, allura, alƙawari, wani wajen a ta faɗi l ta rage, littafi daga alkitab, labari daga alkhabar, lokaci daga alwaƙt, lafiya, laifi, liman, lissafi, lahira, Lahadi. Na biyu, kamannin ya yi yawa, abin da aka rabu da shi shekaru dubbai ba ya zama sak haka. Na uku, suna taruwa a fannoni: addini, shari'a, karatu, fatauci, ranakun mako, ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, alhali biyu, uku, biyar, tara, goma namu ne, har da gomiya da tsofaffi ke cewa kafin ashirin da talatin su ture ta. Wasu ma ba kai tsaye suka zo ba, kasuwa daga suƙ take amma ta Borno ta biyo, Kanuri suka sa mata ka a gaba suka ce kasugu. Kuma ka gwada cire saiwa a Hausa ka ga ba ta ciruwa, daga littafi ba ma samun aikatau na rubutu, sai mu ce rubuta.

Shafin gado gajere ne amma ya fi nauyi. Mutu: Larabci mata yamutu, Ibrananci mut, Akadiyanci matu, tsohon harshen Masar mwt, Buzaye da sauran Berber mmet. Suna da ism da shem da shumu. Me da ma na tambaya. Ƙashi ya yi daidai da ƙs na tsohuwar Masar, huɗu kuma da fdw nasu, waɗannan biyun ma Larabci ba shi da su, to ta ina za a ce daga shi muka ara? Sannan nahawu, wanda ba a cika aronsa a kasuwa ba: gidanka gidanki gidanku, baituka baituki baitukum, har Akadiyanci bitka bitki. Ya na namiji ta na mace, ya mutu ta mutu, yamutu tamutu. T ɗin mace da ke cikin ta da tata da wata, shi ne ta marbuta. Ma na farkon kalma mai nuna wuri ko kayan aiki, mabuɗi da miftah, makaranta da madrasa, masaƙa, majema, mahauta. Yadda za ka tabbatar gado ne ba aro ba shi ne ka duba 'yan'uwan Hausa na kusa, Bolanci, Ngizim, Bade, Angas, Tangale, Margi, har da waɗanda ke kan duwatsun Filato da Kamaru da ba su yi cuɗanya da Larabci ba, in ka samu abun a can to ba malami ne ya kawo shi ba.

Sakamakon da za ka samu shi ne wanda Joseph Greenberg ya tsara a shekarun 1950 ya kira babban gidan Afro-Asiya: reshen Samiyya, tsohon harshen Masar, Berber, Kush irin su Oromo da Somaliyanci, Omo a Habasha (shi daga baya aka ware shi daga Kush), da reshen Cadi inda Hausa take da 'yan'uwa sama da 150. Biyar daga cikin shida a Afirka kawai ake samunsu. Hausa ba 'yar Larabci ba ce, ba kuma harshen Samiyya ba ce, 'yan maza zar ne na nesa sosai waɗanda suka rabu tun kafin a san rubutu, sannan suka sake haɗuwa ta hanyar Musulunci da fatauci aka yi sabon zumunci. Harshen Samiyya na gaske da ke da 'yan ƙasa a Najeriya shi ne Larabcin Shuwa na Borno. Labarin Bayajidda kuma ko ka ɗauke shi yadda yake, ai cewa aka yi ya tarar da mutane a Daura da sarauniyarsu da rijiyarsu, da wani harshe suke magana kafin ya iso.

In kana son ganin yadda aron ya shigo da idonka, ka shiga Arewa House a kan titin Rabah ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna ka nemi a nuna maka tsoffin takardun Larabci da ajami, ka lura da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama irin na warash, wannan kaɗai ya gaya maka ta Magrib karatun ya biyo ba ta Bagadaza ba. Na intanet kuma ka yi hattara da bidiyon da ke jera kalma biyar masu kama a sa kiɗa a ƙasa, ka tambayi mai shi ina tsarin sautin, ina kalma ta shida.

Na koma wajen dattijon nan da littafina bayan kusan wata uku, na ce Baba ga amsar ruwa, ba ma'u ba ne, amma ga mutu ga suna ga gidanka. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya tsaya a kan shafin aro ya ce na manta sabulu, ya ce kuma in je in binciko ko shi sabulun ma Larabawa a wajen wa suka samo shi, sannan ya miƙa wa mai shayi kofinsa a ƙaro.